Makin da ake ba 'yan majalisar Amurka kan haƙƙin ɗan ƙasa ba yau aka fara ba

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Amurka sai ka ga ana ta yawo a soshiyal midiya da risalt ɗin da ƙungiyoyi masu fafutuka ke ba 'yan majalisa, wane ya ci A, wane ya sha F, wai gwargwadon yadda suka jefa ƙuri'a kan dokokin haƙƙin ɗan ƙasa, irin su 'yancin zaɓe da hana wariya a wurin aiki ko wajen neman gida. Daga nan musu ya ɓarke. Wasu su ce ai wannan maki siyasa ce tsagwaronta tunda 'yan jam'iyya ɗaya duk sun taru a sama 'yan ɗayar kuma a can ƙasa, wasu su ce to laifin wa, ai ba wanda ya riƙe hannun ɗan majalisa ya danna masa maɓalli. Duk ɓangarorin biyu suna magana kamar jiya aka fara abin.

Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata, wadda aka kafa a 1909, tun 1914 take bibiyar ƙuri'un 'yan majalisa. A 1922 majalisar wakilai ta amince da kudurin hana kisan gillar da gungun mutane ke yi wa baƙaƙe, ya je majalisar dattawa ya mutu. Sai babbar dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965, wannan kam kowa ya sani. A 1964 ɗin ma rabuwar ta Kudu da Arewa ce fiye da ta jam'iyya, sanatoci 73 suka amince 27 suka ƙi, kuma kowace jam'iyya na da mutane a ɓangarorin biyu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a wancan zamanin yawancin ƙuri'un da ke gyara doka ko su ɓata ta a majalisar wakilai ba a rubuta sunan kowa. Idan aka zo gyare-gyaren kuduri majalisar sai ta rikiɗe ta zama kwamiti guda, ko dai a yi da murya, ko a miƙe tsaye, ko kuma a bi layi ta tsakiyar zaure a wuce tsakanin masu ƙirga biyu, masu e su wuce, masu a'a su wuce, a faɗi jimilla, shi ke nan. Don haka mutum zai iya bin layi ya cire wa doka haƙora da rana, da yamma ya zo ƙuri'ar ƙarshe da ake kiran suna ya ce e, ya koma mazaɓarsa yana bugun ƙirji. Kai, hatta gyaran da ya saka hana wariyar jinsi a wurin aiki cikin dokar 1964, da irin wannan layin ya wuce, 168 da 133, kuma babu jerin sunaye a kundin majalisa. Masu fafutuka dole suka riƙa zama a benen 'yan kallo, inda ba a yarda a yi rubutu ba, suna leƙen ƙeyar mutane da sanƙonsu don su gane wa ya bi wane layi, sannan su fita da gudu su faɗa wa 'yan uwansu kafin su manta. Clarence Mitchell na NAACP saboda yawan zaryarsa a majalisa har laƙabin sanata na 101 aka yi masa, alhali sanatocin 100 ne.

To a 1970 aka yi dokar sake fasalin majalisa, kuma cikinta akwai wani ɗan gyara da 'yan majalisa biyu daga jam'iyyun biyu, Tip O'Neill da Charles Gubser, suka kawo: idan mutum 20 suka nema, dole a rubuta sunaye a ƙuri'ar layin nan. Daga 1971 ɗan majalisa zai sa hannu a kati, kore e, ja a'a, ya jefa a akwati. A Janairun 1973 kuma na'ura ta zo, kiran sunan mutum 435 da ke cin fiye da rabin awa ya koma minti 15, suna na haskawa a bango kowa na gani. Cikin 'yan shekaru ƙuri'un da ke da suna suka ninka fiye da sau biyu.

Ni a ganina nan ne gizo ke saƙar. Gyaran alheri ne, wannan ba musu, ɓuya ta ƙare. Amma da zarar kowace ƙuri'a ta zama shaida, sai kawo gyara ya zama makami, a kawo abin da aka san ba zai wuce ba don kawai a sa abokin hamayya ya danna a'a a samu abin nunawa lokacin kamfe. Su ma masu ba da makin yanzu ga ɗaruruwan ƙuri'u a gabansu, sai su tsinci goma ko ashirin su ce su ne ma'auni, kuma wanda ya zaɓi tambayoyin jarrabawa ai ya riga ya san wa zai ci. Shi ya sa wata ƙungiyar masu ra'ayin riƙau da ta fara nata makin a 1971 take ba mutum kusan kishiyar abin da ƙungiyoyin 'yanci suka ba shi, alhali mutum ɗaya ne, zango ɗaya.

Duk da haka ba zan ce makin ƙarya ba ne, domin su ma 'yan majalisar sun ƙara rabuwa bisa jam'iyya. A 2006 sanatoci 98 suka sabunta dokar 'yancin zaɓe ba wanda ya ce a'a, a 2021 kuwa kudurin ƙarfafa ta mai sunan marigayi ɗan fafutuka kuma ɗan majalisa John Lewis ya wuce majalisar wakilai 219 da 212, kowa a layin jam'iyyarsa, sannan ya maƙale a dattawa. Mu a Najeriya da muka ari tsarin shugaba mai cikakken iko daga wurinsu a 1979 mun san yadda ake yi da ƙuri'ar murya, a ce masu e sun yi rinjaye a buga guduma, ko mai son ba da maki bai da abin kamawa. Can kuwa yanzu ƙungiyoyin ba sa ma jira a yi ƙuri'ar, tun kafin a shiga zaure wasiƙa ta isa ofishin kowane ɗan majalisa cewa wannan za mu saka ta a lissafi, sai ya zauna da hadimansa su duba maki nawa zai rasa kafin ma ya gama karanta kudurin.