Waiwaye: yadda "ɗan arewa" da "ɗan kudu" suka raba tarihin Chadi gida biyu

Tambayi dattawa biyu a Njamena abin da ya faru ranar 12 ga Fabrairun 1979, ranar da yaƙi ya ɓarke a birnin tsakanin sojan gwamnati da mayaƙan arewa. Na unguwar Mursal, ta 'yan kudu, zai ce ranar ce suka ɗaure ƙunshi suka bar gidajensu, suka nufi garuruwan Mundu da Sar a kudu. Na kusa da babban masallaci zai ce ranar ce musulmi suka ɗaga kai, sannan ya tuna maka fatake musulmi da aka kashe a kudu daga baya. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, har gobe ba sa iya zama kan tabarma guda su haɗa labarin.

Bakin zaren yana hannun Faransa. Turawa sun kira kudu "Chadi mai amfani" saboda audugar da suka tilasta nomawa tun ƙarshen shekarun 1920. Can makarantun boko da na mishan suka fi yawa, can aka samo akawu da soja. Arewa aka bar ta da sarakunanta da allo, yankin Borku da Ennedi da Tibesti ma bai fita hannun sojan Faransa ba sai 1965. Da aka samu 'yanci a 1960, shugaban ƙasa na farko, Tombalbaye, ɗan ƙabilar Sara ta kudu, ya gaji ofisoshi cike da 'yan yankinsa. Masu karɓar haraji suka gallabi talakawa, mutanen garin Mangalme suka yi bore a 1965, aka kafa ƙungiyar 'yan tawaye ta FROLINAT a Nyala ta Sudan a 1966. Kukan zalunci ne da farko, sannu a hankali ya rikiɗe ya zama "mu da su". Kudun ma ba dunƙulalliya ba ce: da Tombalbaye ya wajabta wa ma'aikata shiga yondo, al'adar Sara ta mayar da samari manya, kiristocin kudu ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

A Kano aka zaunar da ɓangarorin da ke yaƙi a Maris 1979, aka sa hannu kan sulhu, aka watse. Amma wuƙar da ta raba ƙasar biyu ba ta koma kube ba. A 1980 shugaban ƙasa Gukuni Weddeye da ministan tsaronsa Hissene Habre, dukansu Tubawa 'yan can ƙuryar arewa, suka ragargaza Njamena tsakaninsu, jama'a na tsallaka kogi cikin kwalekwale zuwa Kusiri ta Kamaru. Habre ya hau mulki a 1982. Ya afka wa kudu a 1984, ya juya kan Hajarai a 1987, sannan Zagawa a 1989, waɗanda jiya-jiya duk 'yan arewa ne abokan tafiyarsa. Kwamitin binciken 1992 ya ƙiyasta mutum 40,000 ne suka hallaka, kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016. Ko a wannan ma, sai ka ji kowa na lissafin gawawwakin ƙabilarsa kaɗai.

Mu Hausawan nan Chadi, da kakanninmu da dama suka yada zango a hanyar hajji ta ƙasa, an zuba mu cikin kwandon "arewa" ba tare da an tambaye mu ba, alhali wani ko hanyar Faya, garin can arewa, bai sani ba.

Ɓarnar ta shiga har cikin kalmomi. Larabci da Faransanci su ne harsunan gwamnati, amma ambaci Larabci a taro ka gani: wani gadon kakanni yake ji, wani kuma yana jin za a musuluntar da ɗansa ta makaranta. Ga shi kuwa a kasuwar Dembe, da Larabcin Chadi matar Sara mai kifi ke ciniki da mahaucin Bahaushe. Ta ce masa ya rage, ya rantse ya faɗi, ta yi kamar za ta wuce, ya kira ta ya ƙara mata gyara. Ba wanda ya ji an taɓa addininsa.

Haka dokar iyali. An shafe fiye da shekara 20 ana jan daftarinta, malamai na ganin ta ci karo da shari'a kan gado da aure, wasu kuma na tsoron a ɗora musu shari'ar ta bayan gida. Kalmar "iyali" kanta ta kasa samun ma'ana ɗaya, don haka alƙalan Njamena suna nan suna buɗe kundin dokar da Faransa ta bari tun 1958, sauran kuma a kai gaban malam ko mai unguwa.