Gwamnati da Kamfanoni a Siyasar Birtaniya da Amurka

Birtaniya da Amurka ƙasashe ne masu bin tafarkin dimokuraɗiyya da tattalin arzikin jari-hujja, kuma a kowaccensu manyan jam'iyyu biyu ne suka daɗe suna karɓa-karɓar mulki: Labour da Conservative a Birtaniya, Democrat da Republican a Amurka. Sai dai ginin gwamnatocinsu ya sha bamban ƙwarai, kuma wannan bambanci ne yake shata hanyar da kamfanoni da attajirai suke bi su isa ga masu mulki. A Amurka iko a rarrabe yake, saboda haka kuɗi yakan bi ƙofofi masu yawa, da yawan gaske kuma a bainar jama'a. A Birtaniya iko a dunƙule yake a hannun shugabannin jam'iyya mai mulki, don haka mai neman biyan buƙata mutane kaɗan yake nema ya gani, kuma yawanci ba tare da hayaniya ba.

Tsarin gwamnati

Birtaniya ba ta da kundin tsarin mulki guda ɗaya a rubuce. Dokoki ne da al'adu da hukunce-hukuncen kotu suka taru tsawon ƙarnoni, daga yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 zuwa dokar haƙƙoƙi ta 1689 da abin da ya biyo baya. Sarki shi ne shugaban ƙasa, amma ba shi yake gudanar da mulki ba. Ainihin iko yana ga Majalisar Wakilai mai kujeru 650, kuma wanda yake da rinjaye a cikinta shi ne firaminista, daga cikin 'yan majalisa kuma yake ɗauko ministocinsa. Majalisa ta biyu, wato ta dattawa, ba zaɓen 'ya'yanta ake yi ba, akasarinsu naɗa su ake yi har iya rayuwa, kuma tun dokokin 1911 da 1949 ikonta bai wuce jinkirta mafi yawan ƙudirori ba. Ko Kotun Ƙoli, wadda ta fara aiki a 2009, ba ta da hurumin soke dokar da majalisa ta zartar. Wannan ya sa firaminista mai rinjaye yake iya zartar da kusan duk abin da ya sa gaba, muddin 'yan jam'iyyarsa suna bayansa. Ranar da suka juya masa baya kuwa kujerarsa ta tafi, kamar yadda ya faru da Margaret Thatcher a 1990 da Liz Truss a 2022, wadda ba ta cika wata biyu a kan mulki ba.

Kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka rubuta a Filadelfiya a 1787, an gina shi ne a kan tsoron tattara iko wuri guda. Shugaban ƙasa daban ake zaɓensa, ta hanyar wakilan zaɓe 538 waɗanda ɗan takara yake buƙatar 270 daga cikinsu, tsarin da ya sa a 2000 da 2016 wanda ya fi yawan ƙuri'un jama'a bai hau mulki ba. Majalisar Wakilai tana da kujeru 435 da ake sabunta su duk bayan shekara biyu, Majalisar Dattawa kuma tana da 100, biyu daga kowace jiha cikin jihohi 50. Alƙalai tara na Kotun Ƙoli suna iya soke doka, ikon da kotun ta tabbatar wa kanta tun 1803. Najeriya ta gwada tsarin biyu: ta karɓi 'yancin kai a 1960 da tsarin firaminista irin na Birtaniya, sannan a 1979 ta koma tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka.

Tarihin dangantakar kamfanoni da hukuma

Cuɗanyar kamfani da gwamnati tsohon abu ne a tarihin Ingila. Kamfanin Gabashin Indiya, wanda ya samu izinin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a 1600, ya kai ga mallakar sojoji da karɓar haraji a Indiya har zuwa 1858. Kamfanin Royal Niger na George Goldie, wanda aka ba shi irin wannan izini a 1886, shi ne ya share wa Turawan mulkin mallaka hanya a yankin kogin Kwara da Binuwai kafin gwamnati ta karɓi ragama a farkon 1900. Amurka ma kamfani ne ya kafa matsugunin Ingilishi na farko da ya ɗore a cikinta, wato Jamestown a 1607, kuma ganyen shayin da masu bore suka zubar a tashar jiragen ruwa ta Boston a 1773 hajar Kamfanin Gabashin Indiya ce. Bayan da manyan kamfanonin mai da ƙarafa da jiragen ƙasa suka yi kaka-gida a ƙarshen ƙarni na 19, Amurka ta yi dokar Sherman ta 1890 don hana babakere, wadda da ita aka wargaza kamfanin Standard Oil a 1911.

Kuɗin yaƙin neman zaɓe

A nan ne tazarar ta fi fitowa fili. Tun 1907 doka ta hana kamfanonin Amurka ba 'yan takarar muƙaman tarayya gudummawa kai tsaye, kuma haramcin yana nan. Amma Kotun Ƙoli ta yanke a 1976 cewa kashe kuɗi don yaɗa ra'ayin siyasa yana cikin 'yancin faɗar albarkacin baki, sannan a shari'ar Citizens United ta 2010 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu a kan cewa kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suna iya kashe ko nawa suka ga dama, in dai ba su haɗa baki da ɗan takara ba. Daga nan ne kwamitocin da ake kira Super PAC, masu tara kuɗi ba iyaka su kashe don mara wa ɗan takara baya ba tare da haɗa baki da shi ba, suka yawaita. An ƙiyasta cewa zaɓen tarayya na 2020 ya ci fiye da dala biliyan 14, kuma a zaɓen 2024 Elon Musk shi kaɗai ya kashe sama da dala miliyan 250 wajen mara wa Donald Trump da 'yan jam'iyyarsa baya. Ɗan Majalisar Wakilai da ke fuskantar zaɓen fidda gwani da babban zaɓe duk shekara biyu ba ya rabuwa da neman kuɗi, kuma yana da wuya mutum ya shafe sa'o'i kullum yana roƙon masu hannu da shuni a waya ba tare da buƙatunsu sun shiga gaban na talakan mazaɓarsa ba.

Birtaniya ta bi ta wata fuska: maimakon ta taƙaita abin da ake bayarwa, sai ta taƙaita abin da ake kashewa. Tun 1883 aka ƙayyade kuɗin da ɗan takara zai kashe a mazaɓarsa, dokar 2000 kuma ta kafa Hukumar Zaɓe tare da sanya wa jam'iyyu iyaka a matakin ƙasa, wadda aka ɗaga a 2023 zuwa kimanin fam miliyan 34 ga jam'iyyar da ta tsaya a kusan dukkan mazaɓu. An haramta sayen tallan siyasa a rediyo da talabijin, ana ba jam'iyyu 'yan mintoci kyauta a madadinsa. Gibin tsarin shi ne babu iyaka ga gudummawa: kamfanin da ke da rajista yana kuma kasuwanci a ƙasar yana iya ba jam'iyya miliyoyi. A al'adance Conservative ta dogara da 'yan kasuwa, Labour kuma da ƙungiyoyin ƙwadagon da suka kafa ta a 1900, amma a 1997 Labour ta karɓi fam miliyan ɗaya daga Bernie Ecclestone, shugaban gasar tseren motoci ta Formula One, bayan 'yan watanni kuma gwamnatin Tony Blair ta nemi a keɓe gasar daga haramcin tallan taba. Da maganar ta fallasa, jam'iyyar ta mayar da kuɗin.

Kamun ƙafa

A Washington kamun ƙafa sana'a ce mai rajista a ƙarƙashin dokar 1995, cibiyarta titin K, kuma abin da ake bayyana an kashe a kanta ya haura dala biliyan 4 a shekara, kamfanonin magunguna suna sahun gaba. Tun da ɗan majalisar Amurka yana iya saɓa wa jam'iyyarsa, kowane shugaban kwamiti abin zawarci ne. A Landan kuwa ɗan majalisa kan bi umarnin jam'iyya wajen kaɗa ƙuri'a, saboda haka minista da manyan ma'aikatansa ake nema. Rajistar da dokar 2014 ta kafa ta shafi waɗanda ake ɗauka haya ne kawai, ban da ma'aikatan kamfani na cikin gida. Shi ya sa da aka gano a 2021 cewa tsohon firaminista David Cameron ya riƙa aika wa ministan kuɗi Rishi Sunak saƙonnin waya a madadin kamfanin hada-hadar kuɗi na Greensill, bincike ya nuna bai karya dokar ba. Ƙarancin kuɗin da ake gani a siyasar Birtaniya bai isa hujjar cewa tasirin kamfanoni a can ya yi ƙasa ba. Abin da ya tabbata shi ne ya fi wuyar aunawa.

Ayyukan jama'a

Gwamnatin Clement Attlee ta mayar da ma'adinan kwal da jiragen ƙasa hannun hukuma, ta kuma kafa hukumar lafiya ta NHS a 1948, inda ake duba majiyyaci da kuɗin haraji. Thatcher ta juya akalar: ta sayar da kamfanin tarho a 1984, na iskar gas a 1986, na ruwan Ingila da Wales a 1989, amma ba ta sayar da NHS ba. A Amurka yawancin masu aiki ta hannun inshorar kamfanoni suke samun magani, shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati, wato Medicare da Medicaid na 1965, kuma sun tsaya ga tsofaffi da marasa galihu, dokar Obama ta 2010 ma faɗaɗa kasuwar inshorar ta yi. Dokar 2003 da ta shigar da kuɗin magunguna cikin Medicare ta hana gwamnati yin ciniki da kamfanoni a kan farashi, alhali NHS ta daɗe tana yin haka, sai a 2022 aka ba Medicare damar cinikin wasu magunguna ƙalilan. A Birtaniya kuwa ƙorafi kan tsadar tikiti da kan najasar da kamfanonin ruwa suke saki cikin koguna ya farfaɗo da muhawarar mallakar gwamnati, kuma a 2024 majalisa ta zartar da dokar mayar da jiragen ƙasa na fasinja, waɗanda su ma aka miƙa wa kamfanoni bayan Thatcher, hannun hukuma da zarar kwangilar kowane kamfani ta ƙare.