Ɗura Harsashi da Hannu: Me Maharbi Yake Nema?

Ga harsashin kamfani a shirye, me zai sa mutum ya zauna yana ɗurawa?

Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, ɗan maɓallin gindi mai tayar da wuta, albarushi, sai kan harsashin da ke fita. Kamfani yana haɗa su yadda za su shiga kowace bindiga mai wannan awo. Amma bindigogi kamar 'yan uwa ɗaya ne, kowacce da halinta. Idan aka ja kunama, bututun yana karkarwar da ido ba ya gani, kuma inda harsashi zai sauka ya danganta da lokacin da ya bar bakin bututun a cikin wannan karkarwa. Mai ɗurawa yana ta sauya nauyin albarushi da zurfin da yake dasa kan harsashi, har ya dace da abin da tasa bindigar ke so.

Da me ake auna dacewar?

A harba uku ko biyar a takarda, a auna faɗin inda ramukan suka taru. Idan daga mita 100 suka zauna cikin santimita 3, bindigar farauta ta yi abin yabo. Albarushi kuwa da giren ake auna shi, kuma giren 7,000 ne ke yin fam ɗaya na nauyi, don haka sikelin ma sai mai gaskiya.

To wanda ya fi taruwa a takarda ai shi ne na farauta?

Nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Takarda ba ta da fata, ba ta da ƙashi. Kan harsashin gasar harbi rigarsa siririya ce, an yi shi don ya tafi sak. A jikin dabba yana iya tarwatsewa a kafaɗa, ko ya wuce kamar allura bai buɗe ba. Ko wanne ya faru, dabba ta tafi da rauni ta mutu a wahale inda ba za a gan ta ba.

Na farauta ana so ya buɗe kamar lema, ya riƙe nauyinsa, ya ratsa har huhu da zuciya. A 1946 wani Ba'amurke, John Nosler, ya harbi mus, wata ƙatuwar dabba dangin barewa, a Kanada. Taɓo ya bushe mata a kafaɗa, harsasansa suka riƙa fashewa ba su shiga ba. Haushin wannan ya sa ya ƙera kan harsashin da ake kira Partition, wanda ya fara sayarwa a 1948: akwai shamaki a tsakiyarsa, gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da kutsawa. Daga baya kamfanin Barnes ya fito da na jan ƙarfe zalla, babu dalma, irin da ya samu kasuwa musamman da jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya a 2019. Ni dai da a ba ni mai tara santimita 2 amma mai fashewa, gara mai tara 4 da ke isa inda aka aike shi.

Ƙara albarushi ba ya ƙara ƙarfi?

Yana ƙara gudu kaɗan, ya ƙara matsi da yawa. Harsashin .308 Winchester iyakar matsinsa a ma'aunin SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, psi 62,000 ne, wato fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci, kuma duk wannan a gefen kumatunka yake faruwa. Ana farawa ne daga mafi ƙarancin awon da littafin masu ƙera albarushi ko harsashi ya bayar, a hau a hankali, ba a ƙetare iyakarsa, ba a kuma musanya wani albarushi da wani don sunayensu sun yi kama. Idan sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, ko maɓallin gindin kwanson ya baje, ka riga ka wuce gona da iri. Zafin rana ma yana ɗaga matsi: ɗurin da ya yi lafiya da sanyi yana iya rikicewa da bazara.

Akwai dabarar 'yan gasa da ba ta dace da daji ba?

Akwai. Su kan dasa kan harsashi ya yi tsawo har ya taɓa zaren cikin bututu. A daji, ka buɗe bindiga don ka sauke harsashin da ba ka harba ba, sai kan ya maƙale a ciki, albarushi ya zube maka a sakata. Shi ya sa mafarauci ke matse kwanson da aka taɓa harbawa ya koma cikakken awonsa, ya gwada kowane harsashi ya ga yana shiga yana fita sumul. Ya kuma kula da harbin farko daga bututu mai sanyi, domin barewa ba ta tsayawa jiran na biyar.

Doka fa?

Kowace ƙasa da tata. A Amurka mutum yana iya ɗura wa kansa, a Jamus kuwa sai ya yi kwas ya karɓi izinin mallakar albarushi tukuna.