Waiwaye: Yadda Jami'ar Michigan ta farfaɗo har ta ɗauki kofin 2023

Ranar 8 ga Janairun 2024, a birnin Houston, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Michigan ta lallasa ta Jami'ar Washington da maki 34 da 13, ta rufe kakar 2023 da nasara 15 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Rabon Michigan da kambin ƙasa tun 1997, shi ma rabawa ta yi da Nebraska. Amma tushen wannan kofi yana can baya, a shekarun da babbar abokiyar hamayyarta, Jami'ar Ohio State, ke yi mata dukan kawo wuƙa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ya fi kama da zari-ruga. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi goma, ko ta hanyar jifa ko ta gudu da ita. In ta ci, a sabunta mata huɗun. In ta kai ƙwallo ƙarshen fili, maki shida ke nan. Komai kuwa ya rataya ne a wuyan ƙarti biyar da ke sahun gaba, masu tare wa mai jifa da buɗa wa mai gudu hanya.

An ɗauko Jim Harbaugh, tsohon ɗan wasan makarantar, a matsayin babban mai horarwa a Disambar 2014, domin ya kawo ƙarshen mamayar Ohio State. Sai ga shi ya sha kashi sau biyar a jere, daga 2015 zuwa 2019. Na 2018 ya fi ciwo: Michigan ta je da tsaron da ake cewa babu kamarsa a ƙasar, aka zura mata 62, ita tana da 39. Matsalar a bayyane take. Mai horar da masu tsaro, Don Brown, ya dogara ga kowa ya riƙe mutuminsa, tare da tura mutane da yawa su afka wa mai jifa. Ohio State sai ta riƙa sa masu gudunta suna gitta juna a tsakiyar fili, masu bin su na karo da junansu, a jefa gajeriyar ƙwallo ta zama dogon gudu. Da shekara ta zagayo aka sake, 56 da 27. A 2020, shekarar korona, Michigan ta ci wasa biyu ta faɗi huɗu, aka kuma zaftare kusan rabin albashin Harbaugh.

Daga nan gyara ya fara. An sallami Brown, aka kawo Mike Macdonald daga ƙungiyar ƙwararru ta Baltimore Ravens, inda yayan Harbaugh, John, ke horarwa a lokacin. Salon Macdonald ɓad-da-kama ne: kafin a fara, masu tsaro su jeru kamar mutum shida za su kai farmaki, da an saki ƙwallo sai huɗu kawai su shiga, sauran su ja da baya su toshe gurabe. Mai jifa ya yi daƙiƙa guda yana tantama, wannan daƙiƙar ita ake nema. Aidan Hutchinson ya kayar da masu jifa sau 14 a 2021, David Ojabo, haifaffen Fatakwal, sau 11. A ɓangaren kai hari kuma aka damƙa sahun gaba ga Sherrone Moore, aka koma gudu da ƙwallo ba ji ba gani. A Nuwambar 2021, cikin dusar ƙanƙara, Michigan ta doke Ohio State 42 da 27, Hassan Haskins shi kaɗai ya kai ƙwallo ƙarshen fili sau biyar.

Sai dai sau biyu tana kaiwa wasan kusa da na ƙarshe tana dawowa hannu rabbana. Georgia ta fi ƙarfinta, 34 da 11. Na Jami'ar TCU kuwa, 51 da 45, ita ta yi wa kanta: sau biyu aka cafke jifan mai jifanta, J.J. McCarthy, aka mayar da shi maki, sannan ƙwallo ta suɓuce mata a bakin layi. Abin da ya biyo baya shi ne manyan 'yan wasa irin su Blake Corum da Zak Zinter, waɗanda za su iya tafiya gasar ƙwararru ta NFL, suka zaɓi ƙara shekara guda.

Kakar 2023 ta zo da ƙura. Harbaugh bai tsaya bakin fili a wasa shida ba: uku na farko makarantar ce ta dakatar da shi kan saɓa ƙa'idar zawarcin ɗalibai 'yan wasa lokacin korona, uku na ƙarshe kuma hukumar gasar Big Ten da Michigan ke ciki ce, kan satar alamu. Masu horarwa da hannu da alluna suke isar da umarni cikin fili, kuma fassara alamun abokin hamayya ana cikin wasa ba laifi ba ne. Abin da aka haramta tun 1994 shi ne tura mutum ya je leƙen wasan ƙungiyar da za a kara da ita nan gaba. An gano wani ma'aikaci, Connor Stalions, yana sayen tikiti yana tura mutane su ɗauki alamun a waya. Ya ajiye aiki a farkon Nuwamba.

A nan ne masu cewa duk nasarar maguɗi ce ke samun cikas, domin wasanni mafi wuya bayan tafiyarsa aka yi su, lokacin da kowace ƙungiya ta san ta sauya alamunta. A gidan Penn State, Moore na riƙon ƙwarya, Michigan ta ga ba ta iya tare masu afka wa McCarthy, sai ta daina jifa, ta yi gudu sau 32 a jere har aka tashi 24 da 15. Kowa a filin ya san abin da ke tafe, aka rasa mai hanawa. Ohio State ta faɗi 30 da 24, duk da Zinter ya karye a ƙafa ana tsaka da wasa. Hakan bai wanke abin da aka yi a shekarun baya ba, kuma ba wanda zai iya auna yawan amfanin da aka ci.

Wasan kusa da na ƙarshe da Alabama, ranar 1 ga Janairu, shi ya kusa kwancewa. Michigan ta kayar da mai jifan Alabama, Jalen Milroe, sau shida, amma ƙwallon da aka bugo mata ta kuɓuce sau biyu, ta kuma ɓarar da bugun maki. Saura ƙasa da minti biyu ta farke zuwa 20 da 20. A ƙarin lokaci Corum ya keta yadi 17 ya ci, sannan a damar Alabama ta ƙarshe, yadi uku daga layi, aka miƙa wa Milroe ƙwallo ƙasa-ƙasa, ya kutsa tsakiya aka danne shi. Wasan ƙarshe bai kai wannan zafi ba: Michigan ta ci yadi 303 da gudu, Donovan Edwards ya ci biyu tun a zangon farko daga yadi 41 da 46.

Kafin watan ya ƙare Harbaugh ya koma Los Angeles Chargers ta NFL. Daga kakar 2024 aka halasta sa na'urar magana a hular mai jifa, wadda ta rage dogaro da alamun hannu. A Agustan 2025 NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ci Michigan tarar miliyoyin daloli, ta sa wa Harbaugh takunkumin shekara goma da Stalions takwas, amma ba ta soke ko wasa ɗaya daga cikin 15 ɗin ba.