Waiwaye: Yadda Tsoro Ya Zama Jarin Siyasa a Logon da Shari

Tun bayan rikicin da ya ɓarke a gundumar Logon da Shari ta ƙasar Kamaru a shekarar 2021, gardama ba ta mutu ba a teburan shayi na Kusiri da Marwa, balle a zaurukan WhatsApp na 'yan jihar Arewa Mai Nisa. Wasu na cewa faɗan ruwa ne kawai: ruwa ya yi ƙaranci, masuntan Musgum sun haƙa ramuka don tare kifi, shanun Larabawan Shuwa suka riƙa faɗawa ciki, shi ke nan wuta ta kama. Wasu kuma na cewa akwai masu hura ta. Da zarar zaɓe ya matso sai maganar ta dawo ɗanya, saƙonnin murya su fara yawo: in ba ku tsaya wa naku ba, gobe ba ku da fili, ba ku da rumfa a kasuwa.

Ramukan gaskiya ne, asarar ma gaskiya ce. A faɗan Disamban 2021, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum 44 sun mutu, an ƙona ƙauyuka 112, kimanin mutum 100,000 sun bar gidajensu, mafi yawansu suka tsallaka Cadi. Abin tambaya shi ne yadda saɓanin da ya faro a ƙauyen Ulumsa ranar 5 ga wata ya iso cikin Kusiri ranar 8, har aka ƙona kasuwar shanu. Makiyayi da masunci sun daɗe suna saɓawa suna shiryawa. Kafin mutanen birni, da yawansu ba su da saniya ba su da koma, su ɗauki faɗan a matsayin nasu, sai an riga an koya musu ganin juna a matsayin barazana.

Tsohon tarihin kowa ya san shi. A Kusiri aka yi yaƙin 22 ga Afrilun 1900, inda Rabeh da kwamandan Faransa Lamy suka mutu rana ɗaya. Jamusawa suka zo, Faransawa suka gaje su a lokacin yaƙin duniya na farko, dukansu suka yi mulki ta hannun tsoffin masarautun ƙabilar Kotoko irin su Gulfe, Kusiri da Logon Birni. 'Ya'yan Kotoko suka riga shiga boko da aikin gwamnati, Larabawan Shuwa kuwa, duk da yawansu, suka fi zama a kan kiwo da fatauci. Fari ya zo a shekarun 1970 da 1980, madatsar ruwa ta Maga da aka gina a 1979 ta rage ambaliyar da ke raya fadamar Logon. Yaƙin Injamena, babban birnin Cadi, na 1979 da 1980 ya koro dubun-dubatar mutane zuwa Kusiri, bindigogi ma suka biyo hanya.

Duk da wannan tarin, ba a yi babban zubar da jini tsakanin al'ummomin nan a cikin birni ba. Dalilin, a ganina, ba wai zaman lafiya ya yi yawa ba ne. Daga 1966 zuwa 1990 jam'iyya ɗaya ce a Kamaru. Mai son kujera sama yake kallo, ba ƙasa ba. Yawan dangin mutum ba ya ƙara masa komai, tsoron da ke zukatansu ma ba shi da inda zai kai shi ya canza.

Inda labarin ya juya, kuma inda masu sharhin yau suke tsallakewa, shi ne Janairun 1992.

A Disamban 1990 aka yi dokar da ta buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, aka sa zaɓen 'yan majalisa ranar 1 ga Maris 1992. Tsakanin waɗannan ranaku biyu sai da aka rubuta sunayen masu zaɓe, aka raba musu kati. Aikin takarda ne, amma a Logon da Shari ya zama ƙidayar da ba a taɓa yi ba: su wa suka fi yawa? Masu riƙe da muƙamai tun zamanin Turawa suka hango cewa in dai kawuna za a ƙirga, ƙasa na iya zame musu. Masu yawa suka hango cewa in aka yi wasa da rajista, damar da suka daɗe suna jira za ta wuce su. Kowane tsoro a cikin biyun nan yana da tushe. Shi ya sa ya yi sauƙin sayarwa.

Ga kuma kogi. Kusiri da Injamena suna kallon juna, kuma Kotoko da Larabawa kowa yana da dangi a tsallaken. Babu zargin da ya kai wannan araha: an shigo da baƙi an ba su kati. Ba ya buƙatar hujja, domin wanda ake zargin baƙo ne yana jin yaren, yana da kawu a unguwa, wataƙila ma a nan aka yanke masa cibiya. A ƙarshen Janairun 1992 gardamar rajista da katin zaɓe ta rikiɗe ta zama faɗa a Kusiri, mutane da dama suka rasa rayukansu, kuma wutar ta ci gaba da tashi a ƙauyuka cikin shekarun da suka biyo. Masanin tarihi Saibou Issa na Jami'ar Marwa ya yi nazarin wannan zamani, ya kira abin da ya gani lissafin ƙabilanci.

Abin da ya fi damuna ba faɗan kansa ba ne, darasin da masu neman kujera suka ɗauka daga gare shi. Sun gano cewa mutumin da ya binne ɗan'uwansa ba ya tambayar ɗan takara maganar rijiya ko asibiti. Tambayarsa ɗaya: wa zai tsare ni? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi, kuma akwai masu ajiyar tsumman suna fito da shi duk shekarar zaɓe. Alkawarin hanya ana iya zuwa a duba ko an cika. Alkawarin kariya daga maƙwabci kuwa ba a duba shi: in an zauna lafiya, shi ya hana, in an yi faɗa, ai dama ya faɗa muku.

Kundin tsarin mulki na Janairun 1996 ya yi maganar kare tsiraru da haƙƙin 'yan asalin wuri, dokar zaɓe kuma ta nemi jerin 'yan takarar kansila ya ƙunshi al'ummomin da ke zaune a yankin. Niyyar mai kyau ce. Amma a bakin masu yaƙin neman zaɓe ta zama tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, kuma mu Hausawa mun san ɗacin wannan tambaya. Mutumin da kakansa ya zo da goro da fata tun kafin a ja iyaka, shi ake bi har rumfa daf da zaɓe: "Alhaji, ku dai baƙi ne, kasuwar nan kuwa sai da mai tsaya muku. Ka san takardar da za ka sa a ambulan." Ba a zage shi ba, ba a yi masa barazana a fili ba. An dai tuna masa cewa rumfa tana cin wuta.

Zamanin 'yan kwanta-kwanta ya wuce ta kanmu, Boko Haram ta iso daga 2014, bama-bamai suka tashi a Fotokol da Marwa a Yulin 2015. Wannan tsoro ba wanda ya ƙirƙiro shi, amma shi ma an samu masu cin riba: a rigimar fili ko sarautar unguwa, ya isa a raɗa cewa wane yana da alaƙa da mutanen daji.

Bayan 2021 an yi zaman sulhu, dattawa sun yi musabaha, an yi maganar mashayar dabbobi da burtali da inda ya halatta a haƙa rami. Duk suna da amfani. Sai dai makiyayi da masunci ne ake zaunarwa, su ake sa wa rantsuwa. Masu tsara jerin 'yan takara, da masu naɗar saƙonnin murya, a kujerun manyan baƙi suke zama, a matsayin masu shiga tsakani.