Jinya da sakamakon tiyatar al'aura ga maza masu sauya jinsi

Wanda aka haifa da jikin mace amma yake rayuwa a matsayin namiji, idan ya zaɓi tiyatar al'aura, hanya biyu ce a gabansa. A metoyidiyoplasti ana 'yanto ɗan tsaka wanda sinadarin namiji na testosteron ya riga ya ƙara wa girma, a mayar da shi ƙaramin azzakari mai ji da miƙewa da kansa. A faloplasti kuwa ana ɗebo fata da jijiyoyinta daga hannu ko cinya a gina azzakari da ita. Likita Harold Gillies ya yi wa wani mai sauya jinsi, Michael Dillon, irin wannan aiki a Ingila tsakanin 1946 da 1949, cikin tiyata 13. Har yau ba kasafai ake gama shi a zama ɗaya ba.

Kwanakin farko bayan faloplasti su ne mafi hatsari. Ma'aikatan jinya kan duba naman da aka dasa kusan kowace awa, su lura da launinsa da ɗuminsa, su saurari bugun jini da na'ura, domin idan jijiyar jini ta toshe naman na iya mutuwa. Shan taba na ƙara wannan haɗari, shi ya sa ake sa majinyaci ya daina tun kafin aiki. Robar fitsari kan zauna makonni.

Inda aka fi shan wahala shi ne hanyar fitsarin da ake tsawaitawa cikin sabon azzakarin don a iya fitsari a tsaye. Wani lokaci ta huje fitsari ya riƙa yoyo ta gefe, wani lokaci tabo ya matse ta har fitsari ya ƙi fita sosai. Ƙaramin yoyo kan rufe da kansa, matsewa kuwa galibi sai an koma tiyata. Ya kamata a faɗa wa mutum wannan ƙarara tun farko. Wasu ma kan haƙura da tsawaitawar, su ci gaba da fitsari a zaune.

Jijiyar ji tana tsirowa ne kimanin milimita 1 a rana, don haka ji yana dawowa a hankali cikin watanni. Sai ya dawo ake saka na'urar miƙewa, yawanci bayan kusan shekara guda.

Duk da yawan matsalolin, akasarin waɗanda aka yi wa aikin suna bayyana gamsuwa. Wani nazari na 2021 da ya tattara bincike 27 ya sami nadama bayan tiyatar sauya jinsi a kusan kashi 1 cikin 100.