Ƙwarƙwata a kan 'yan makaranta ba shaidar ƙazanta ba ce

Da an koma makaranta a watan Satumba, ba a daɗewa za ka ji uwa a Agege ko Idi-Araba a Legas tana faɗa: "Ni da nake wanke mata kai kullum, ina ta kwaso ƙwarƙwata?" Sai a ɗora laifi kan 'yar wasu, wai gidansu ba tsafta.

Ƙwarƙwata ba ruwanta da datti, jini take sha, kuma wankakken kai ma gidanta ne. Ba ta da fiffike, ba ta tsalle. Rarrafawa take daga gashi zuwa gashi, shi ya sa ta fi damun ƙananan 'yan makaranta, masu haɗa kai kan littafi ɗaya, ga musayar hijabi da mataji.

Sabulu ba ya cire ƙwanta, don manne yake da gindin gashi, musamman bayan kunne da ƙeya. Cikin kwana 7 zuwa 10 yake ƙyanƙyashewa. Don haka a tsefe kitso, a shafa maganin kemis, a bi da mataji mai ƙananan haƙora, a maimaita bayan mako guda.

Kananzir da fiya-fiya kuwa, don Allah a bar su: suna ƙona fatar kai, kananzir ma wuta yake kamawa.